Filin Tambaya da Amsa: Kafin a Ɗora wa Kwamfutar Injin Laifi

Wasiƙu huɗun da muka zaɓa a wannan fitowar duk a kan kwamfutar da ke sarrafa injin mota suke, wadda galibi ake kira ƙwaƙwalwar mota. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Motata mai shan fetur ce, ƙirar 2009. Da farko takan mutu a kan hanya idan ta ɗauki zafi, in na bar ta ta huce sai ta tashi. Yanzu kuwa sitata tana juya injin, amma ba ya kamawa ko kaɗan. Bakaniken da ya duba ta ya jona na'urar bincike, na'urar ta kasa karanta komai, nan take ya ce ƙwaƙwalwar ce ta ƙone. Shin in nemi wata?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka dakata da sayen tukuna. Kasawar na'urar bincike ta nuna cewa kwamfutar ba ta amsawa, amma ba ta faɗi dalili ba, kuma kwamfutar da wuta ba ta isa gare ta ba shiru take yi daidai da wadda ta ƙone.

Aikin wannan kwamfuta shi ne karɓar bayani daga sensoji, ƙananan na'urorin da ke auna yanayin injin, wato na kiranshaf da na kamshaf (sandunan da ke juyawa a cikin injin) da na zafin ruwa da na iskar da ke shiga injin da na totur da na salansa, sannan ta lissafa tsawon lokacin da kowane nozul mai fesa mai zai buɗe da lokacin da kwil, wato na'urar da ke ɗaga ƙarfin wuta, zai ba filogi tartsatsi, ta yadda cakuɗin iska da fetur zai tsaya kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai. Tun 1979 kamfanin Bosch ya haɗa feshin mai da tartsatsi a akwati ɗaya a tsarinsa na Motronic, kuma a kan wannan tafarkin motocin yau suke. Babu wani abu mai juyawa ko gogewa a cikinta, shi ya sa a motoci da yawa takan kai ƙarshen rayuwar motar ba a taɓa ta ba. Wayoyi da soket da rilai (maɓallin da wuta ke kunnawa da kashewa) da sensojin da ke kewaye da ita su ne ke shan zafi da girgiza da ruwa, saboda haka su ya kamata a fara tuhuma.

A fara da batir. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kimanin bolt 12.6, kuma lokacin da sitata take juya injin bai kamata ya faɗi ƙasa da kimanin 9.6 ba, domin idan ya faɗi sosai sitata na iya ci gaba da juyawa a hankali alhali kwamfutar ta riga ta ɗauke. Daga nan ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da ka tayar da injin ba, ka dubi fitilar nan mai hoton injin. A yawancin motoci kwamfutar ce ke kunna ta a wannan lokaci, haka kuma ita ce ke sa famfon mai ya yi ƙara ta kamar daƙiƙa biyu daga wajen tanki. Idan fitilar ta kama kuma ka ji famfon, to kwamfutar tana da rai, a nemi matsalar a wani wuri. Idan babu ko ɗaya daga cikinsu, abin da za a tambaya shi ne ko wuta tana isa gare ta.

A nan ne ake buƙatar taswirar wayoyin wannan mota takamaimai, domin ita ce za ta nuna ƙafafun soket ɗin kwamfutar da ke karɓar wuta kai tsaye daga batir, da waɗanda ke karɓa ta babban rilai bayan an murɗa makulli, da kuma wayoyin ƙasa da ake ɗaurewa a jikin injin ko bodi. Fiyus da mita ake gwada shi, a ɓangarorinsa biyu, saboda yakan tsage a inda ido ba ya gani. Rilai kuwa ana iya musanya shi na ɗan lokaci da wani irinsa sak daga akwatin fiyus. Wayar ƙasa ita ce aka fi yi wa gwajin ganganci: a ɗora mita, ta yi ƙara, a ce lafiya lau, alhali silin waya ɗaya tak da ya rage bai tsinke ba ya isa ya sa mita ta yi ƙara, amma ba zai iya ɗaukar wutar da kwamfutar ke buƙata ba. Gwajin da ya dace shi ne a bar makulli a kunne, a sa kan mita ɗaya a kan batir na nagatif, ɗayan a ƙafar ƙasa ta kwamfutar. Idan abin da mita ta nuna ya wuce kimanin bolt 0.1, a kwance ƙusar da ke riƙe da wayar, a kankare tsatsa, a sake ɗaurewa. Kada a tsokani wayoyin kwamfuta da fitilar gwaji mai ƙwan lantarki irin na da, domin tana jan wutar da ta fi ƙarfin wasu sassanta.

Shi kansa soket ɗin da ake jona na'urar bincike abin dubawa ne. Ƙafafu 16 gare shi, tsarin da aka wajabta wa motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu shan fetur daga 2001. Ƙafa ta 16 tana ɗauke da wutar batir, ta 4 da ta 5 na ƙasa ne, kuma a motoci da dama fiyus ɗin ƙafa ta 16 shi ne na ramin cajin waya, don haka caja marar kyau kaɗai tana iya sa a ce mota ba ta magana. A yawancin motoci masu shekarun taka, bayani yana bi ne ta ƙafa ta 6 da ta 14. Idan aka cire kan batir aka auna tsakaninsu, a yawancin motoci za a ga kimanin om 60 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta). Ganin 120 yana nuna an yanke a wani wuri, ganin abin da ya kusa sifili kuma yana nuna wayoyin biyu sun haɗe. A kuma gwada ko na'urar za ta iya karanta kwamfutar birki ko ta giya, domin idan waɗannan suna amsawa, ita kaɗai ce ta yi shiru, an taƙaita wurin nema.

Saura gwaji ɗaya da nake ganin ya fi kowanne ceton lafiyayyun kwamfutoci daga kwandon shara. Kwamfutar tana ba sensoji da yawa wuta mai bolt 5 ta waya guda. Idan sensa ɗaya ya lalace ta ciki, ko wayarsa ta goge ta taɓa ƙarfe, sai ya janye wannan wuta ƙasa, a wasu motocin har kwamfutar ta daina amsawa gaba ɗaya. A auna wannan waya a soket ɗin kowane sensa mai ƙafa uku. Idan babu bolt 5, a riƙa cire sensojin ɗaya bayan ɗaya, har da na matsin iskar gas na na'urar sanyaya mota, wanda ake yawan mantawa da shi. Wanda aka cire wutar ta dawo, shi ne mai laifin. Wanda ya canza kwamfuta a wannan hali ya bar jaki yana dukan taiki.

Tarihin motarka, na mutuwa da zafi da tashi bayan ta huce, ya fi kama da babban rilai da ya gaji ko sensan kiranshaf, ko da yake dalmar da ta tsage a cikin kwamfuta ma tana yin haka. Idan an tabbatar wuta tana isa, wayoyin ƙasa suna da kyau, wayoyin bayani ba su yanke ba, an cire sensoji bolt 5 bai dawo ba, kuma har yanzu shiru take, sai a yarda da maganar bakanikenka.

TAMBAYA: Malam Injiniya, ni ɗalibi ne mai koyon gyaran wayar mota. Idan na'ura ta fitar da lamba irin P0606, ba shi ke nan kwamfutar ta amsa laifinta da bakinta ba?
Daga wani ɗalibin sana'a.

AMSA: Ɗana, lambobin wannan rukuni ba nauyinsu ɗaya ba. P0601, P0604 da P0605 suna nufin kwamfutar ta gwada ma'ajiyar bayananta ta ciki ta tarar da kuskure, kuma idan aka goge su suka dawo nan take alhali batir da wayoyi lafiya suke, shaida ce mai ƙarfi. P0602 yana nufin matsala a manhajar da aka ɗora mata, wanda sau da yawa sake ɗorawa yake warwarewa. P0603 yakan fito ne kawai saboda an cire kan batir ko wutar da ke riƙe mata bayanai ta yanke. Shi kuwa P0606 da ka ambata yana magana ne a kan sashen lissafinta, amma raunin batir lokacin tayarwa ko wayar ƙasa marar kyau suna iya haddasa shi, musamman idan ya zo tare da P0562, lambar ƙarancin wuta. U0100 ma ba kwamfutar injin ce ke rubuta shi ba, sauran kwamfutocin motar ne ke cewa sun daina jin ta, kuma fiyus ɗaya ya isa ya jawo hakan.

Ka saba da rubuta lambobin gaba ɗaya kafin ka goge, tare da bayanan da kwamfutar ta adana na lokacin da laifin ya faru, wato gudun injin da zafinsa da ƙarfin wutar batir. Sannan ka lura da cewa lamba irin P0335 ko P0351 sunan hanyar wuta take faɗa, wadda ta ƙunshi sensa ko kwil, da wayarsa, da soket, da sashen kwamfutar da ke ƙarshen wayar. Lambobi goma da suka fito lokaci guda a kan sensoji daban-daban kusan kullum waya ɗaya ce da suke tarayya a kanta. Ka kuma bincika ko kamfanin motar ya fitar da sabuwar manhaja domin wannan lambar, saboda hakan yana faruwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Injin motata yana rawa, aka ce silinda ta uku ba ta samun tartsatsi, kuma kwamfuta ce ba ta ba da umarni. An sa wata, motar ta yi lafiya na ɗan lokaci, sai matsalar ta dawo a silindar nan dai. Yanzu an ce wadda aka sa ɗin ma ta ƙone. Ta marar kyau aka sayar mini, ko kuwa?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Mai yiwuwa binciken farko daidai ne, amma an tsaya a rabin hanya. Kwamfutoci biyu ba sa ƙonewa a sashe ɗaya bisa tsautsayi. Abin da ya kashe ta farko yana nan a cikin motar, kuma idan aka sa ta uku ita ma zai kashe ta.

A cikin akwatin akwai ƙananan tiransistoci da ke kunnawa da kashe kowane kwil da kowane nozul sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. An ƙera kowannensu ne domin ya ɗauki wani adadin wuta. Idan zaren da ke naɗe cikin kwil ya haɗe, ko wayar da ke zuwa gare shi ta goge ta taɓa wata mai ɗauke da wutar batir, sai wutar da ke ratsa tiransistan ta ninka, ya yi ta zafi har ya ƙone. Filogin da ya tsufa, bakinsa ya buɗe da yawa, yana wahalar da kwil har ya lalata shi, don haka silsilar tana iya farawa daga abu mafi araha a cikin injin. Kafin a sa wata kwamfutar, a canza kwil da filogin silinda ta uku, a bi wayarsu tun daga soket har zuwa kwamfutar, musamman inda damin wayoyin ya ratsa gefen ƙarfe ko ya kusanci salansa. Idan nozul ake zargi, a auna shi a kwatanta da 'yan'uwansa, domin irin da aka fi samu a injin fetur yakan nuna tsakanin om 12 da 16, kuma wanda ya faɗi ƙasa da sauran sosai shi ne abin tsoro.

A kuma auna cajin altaneta injin yana aiki. Tsakanin bolt 13.5 da 14.7 shi ne abin da aka saba gani, wanda ya haura 15 ya zauna a can kuwa yana dafa duk kayan lantarkin motar ne sannu a hankali. Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a daina, ta cire kan batir injin yana aiki domin a ga ko altaneta tana caji. Batir shi ne ke shanye hauhawar wuta, kuma da zarar an cire shi wutar tana iya yin tsalle zuwa ninkin abin da kwamfutar ke jurewa. Haka nan juya kawunan waya lokacin tayar da mota da batirin wata, da yin walda a jikin mota ba tare da an cire batir da soket ɗin kwamfutar ba.

Ki nemi a buɗe tsohuwar kwamfutar a gabanki idan tana nan, domin takan faɗi abin da ya same ta. Ƙaurin ƙonewa da baƙin tabo a gefen tiransista ɗaya yana nuna kaya ne daga waje ya ja wuta. Kore ko farin gari a kan ƙafafun soket alamar ruwa ce, wanda yakan shigo ta magudanar da ke ƙasan gilashin gaba idan ganye ya toshe ta, ko ta wanke injin da ruwa mai ƙarfi. Wani lokaci baƙin mai ne za a gani a cikin soket, wanda ya biyo cikin waya daga sensan da ke yoyo. A motocin shekarun 1990 kuma akan tarar ƙananan kafasitoci sun zubar da ruwansu ya cinye layukan tagulla da ke kan allon. Mai gyaran lantarki da ya ƙware yana iya canza tiransista ko kafasita, kuma gyaran yana da wata fa'ida babba, wato kwamfutar ta riga ta san motar da makullanta. Allon da ruwa ya daɗe a cikinsa ne ban cika ba da shawarar a gyara ba, saboda tsatsar tana ci gaba a ƙarƙashin sassan da ba a gani.

TAMBAYA: Malam, an tabbatar kwamfutar motata ta mutu, na samo wata daga mota irin tawa, soket ɗin ya shiga daidai. Injin yana tashi, amma bayan daƙiƙa biyu sai ya mutu, wata fitila mai hoton makulli tana ƙiftawa. Me ya rage?
Daga wani direba.

AMSA: Malam, wannan tsarin hana sata ne yake aikinsa. A cikin kan makullinka akwai ɗan ƙaramin guntu mai lambar sirri, wanda zoben da ke kewaye da ramin makulli yake karantawa, kuma kwamfutar injin ba ta barin mai da tartsatsi su ci gaba sai lambar ta dace da wadda ta sani. Tun 1998 aka wajabta wannan tsari ga sababbin motoci a Jamus da Ingila, daga baya ya zama ruwan dare. Kwamfutar da ka samo makullan tsohuwar motarta take jira.

Kafin a kai ga wannan, ka kwatanta lambobin da ke kan takardar da aka manna a jikin akwatunan biyu, harafi da harafi. Shigar soket ba ta isa shaida ba, domin kamfani yakan yi amfani da akwati iri ɗaya ga injuna masu girma daban, ga mota mai giyar hannu da mai canza giya da kanta, da kuma ƙasashe masu dokokin hayaƙi daban. Wadda lambarta ta saɓa tana iya tayar da injin, amma ta riƙa shan mai fiye da kima ko ta hana giya shiga yadda ya kamata.

Idan lambobin sun dace, hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce a gabatar da ita ga motar da na'urar da ke da ikon yin hakan, a rubuta mata lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, a koya mata makullan, wanda a wasu motocin sai da lambar sirri daga kamfani da shaidar mallakar mota. Wasu kwamfutocin kuma sau ɗaya tak suke karɓar wannan, don haka wadda aka taɓa amfani da ita sai ƙwararre ya mayar da ita kamar sabuwa. Ta biyu ita ce a kwafe bayanan tsohuwar zuwa cikin wannan, abin da yakan yiwu ko da tsohuwar ba ta tayar da mota, matuƙar ma'ajiyarta ba ta ƙone ba, shi ya sa ba a yar da tsohuwa sai aiki ya kammala. Ta uku ita ce a sayi kwamfutar tare da akwatin tsaronta da makullinta a sa su gaba ɗaya, sai dai lambar shasin da ke cikinta za ta kasance ta wata motar har sai an gyara. Za a iya ba ka shawarar a kashe tsarin tsaron ɗungurungum. Injin zai tashi, amma daga ranar duk wanda ya iya murɗa ramin makullin ya iya tafiya da motar, kuma ni ban goyi bayan hakan ba.

Wajen sawa, a kashe makulli, a cire kan batir na nagatif, a ɗan jira kafin a taɓa soket. A ɗaga maƙallin soket ɗin har ƙarshe kafin a ja, a haska fitila a duba ko akwai ƙafar da ta lanƙwashe ko ta koma ciki, kada kuma a taɓa ƙafafun da yatsa. A mayar da robar da ke hana ruwa shiga da dukkan ƙusoshin, domin a wasu motocin jikin akwatin ta nan yake fitar da zafi. Lokacin ɗora manhaja dole wutar motar ta tsaya daram, saboda haka ake jona mata na'urar da ke riƙe ƙarfin batir, domin yankewar wuta a tsakiyar aikin tana iya barin kwamfutar ba ta amsa kowa.

Bayan injin ya tashi akwai abubuwan da za ta koya: matsayin totur a rufe da buɗe, gudun injin a tsaye, a wasu motocin har da daidaiton sensan kiranshaf, wanda rashin yinsa ke fitar da P0315. Idan injin dizal ne na zamani, a shigar mata da lambobin da ke rubuce a kan kowane nozul bisa silindarsa. Daga nan a goge lambobin da suka taru a sauran kwamfutocin, a tuƙa motar har ta yi cikakken zafi, a cikin gari da kan babbar hanya, a sake jona na'ura a tabbatar babu lambar da ta dawo. 'Yar rawar injin a tafiyar farko ba abin damuwa ba ce, amma idan fitilar injin ta fara ƙiftawa, a tsaya a kashe motar, domin alama ce ta silindar da ba ta ƙona mai, kuma ɗanyen fetur ɗin da ke wucewa yana lalata matatar hayaƙin da ke cikin salansa.